Amsa kan Ginzo: ta yaya za a sa mutanen gari su dawo bakin rafi?

Wani ƙanena daga cikin gari ya turo mani tambaya, ga ta a taƙaice. Su ƙungiyar matasa ce, sau uku suna fita aikin gayya suna kwashe shara a rafin Ginzo, amma kafin sati biyu wurin ya koma kamar ba a taɓa sa mashi shebur ba, har wasu cikinsu sun fara cewa su kam sun gaji. Yana ganin hotunan garuruwan waje mutane zaune bakin kogi suna shan iska da iyalansu, shi ne yake tambaya ko mu ma nan Katsina abin zai yiwu, ko dai su haƙura su nemi wani aikin ladan.

Ƙanena Allah ya biya ku, kuma kar ku haƙura. Amma zan gaya maka gaskiya ko da ba za ta yi daɗi ba, don na kwashe shekaru ina aikin magudanan ruwa da zaizayar ƙasa kuma irin wannan gayyar taku na gan ta ba sau ɗaya ba ba sau goma ba: ta wutsiya kuka kamo abin. Sharar nan alama ce kawai, ainihin ciwon shi ne wurin bai da mai shi. Ka bi gefen rafin da ƙafa ka duba gidajen da ke jere, duk ƙofarsu titi take kallo, bayansu ne ke kallon ruwa, to me ake fitarwa ta bayan gida in ba rariya da bututun makewayi da kwandon shara ba? Mu da kanmu muka ba rafin baya. Ka taɓa ganin an zo an juye shara a dandalin da dattawa ke zaman hira bayan la'asar? Ba allon gargaɗi a wurin, ba ɗan sanda, idon mutane ne kawai ke tsaron shi. Duk inda ba mai zama kuwa sunan shi bola, ko kun share shi sau ɗari.

Don haka tambayar da ya kamata ku zauna a kanta ita ce, me zai kawo mutum bakin rafin nan da yamma ya zauna da son ran shi. In aka samu wannan, tsabtar za ta biyo baya da kanta, ko in ce da rabin wahalar da kuke sha yanzu.

Amma fa ka fara cire hotunan nan daga ranka. Namu rafin ba irin nasu ba ne. Katsina ruwan sama wata huɗu ne in an yi sa'a, daga Yuni zuwa Satumba, ƙarfin shi a Agusta, kuma Ginzo da rafin Tille aikinsu na asali shi ne su kwashe ruwan garin su fitar da shi waje. Da damina sukan cika su yi ƙarfi na 'yan awoyi ko kwanaki, da rani kuwa abin da kake gani yana gudana baƙi-baƙin nan yawanci ruwan rariyoyin gidajenmu ne da na wanki da na wurin wankin mota. Duk wanda ya ce maku za a yi kwale-kwale ko wasan iyo a nan, ku yi mashi godiya ku wuce. Mutanen Faris ma da kuɗinsu da komai, tun 1923 aka hana wanka a kogin Sen da ya ratsa garin, sai a 2025 aka sake buɗe wasu wurare, bayan an kashe kuɗin da ba ma sai na faɗa ba wajen gyaran magudanan ƙazanta.

In misali kuke nema wanda ya yi kama da namu, ku nemi labarin Wadi Hanifa a Riyad ta Saudiyya. Kwari ne na hamada mai tsawon kusan kilomita 120, shi ma ba ruwa sai lokacin da aka yi ruwan sama, shi ma gari ya maida shi wurin juye tarkacen gini da ruwan ƙazanta, ana haƙar ƙasa da dutse a ciki son rai. Daga wajen 2001 suka fara gyara, suka kwashe tarkacen, suka bi da ruwan rariyar garin ta cikin wasu jerin tafkuna da duwatsu inda ƙananan halittu da iska ke tace shi ba tare da an zuba magani ba, suka dasa itatuwan da suka saba da ƙasar, suka yi hanyar ƙafa da wurin zama da wurin gashin nama, yau iyali ke zuwa da tabarma da butar shayi. A 2010 aikin ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine. Eh na sani, kuɗin mai ne, mu ba mu da shi. Abin da nake so ka ɗauka shi ne ruwan da suka gyara wurin da shi ruwan datti ne irin namu, kuma abin da ya jawo mutane inuwa ce da wurin zama. Wanda ba na so ku kwaikwaya shi ne na birnin Sol a Koriya ta Kudu, inda tsakanin 2003 da 2005 suka rushe gadar sama suka tone rafin da aka binne a ƙarƙashinta, yana da kyau a hoto ƙwarai, amma da famfo ake turo mashi ruwa kullum, ka ga mu da wutarmu ta nan ai wannan zancen ma bai taso ba. Akwai kuma hanyar da Kano ta bi da rafin Jakara, a zuba kankare a rufe sama a yi titi. Ina gane dalilin, wari da sauro ba abin wasa ba ne, amma ni a nawa ganin duk rafin da aka rufe an yi bankwana da shi ke nan, kuma ruwan da aka matse cikin kankare gudu yake ƙarawa ya je ya huce a kan mutanen da ke can ƙasa.

Sai abu na biyu da matasa ke yawan mantawa, kuma shi ne na fi son ka riƙe. Kuna magana kamar mutanen gari duk sun rabu da rafin, alhali akwai waɗanda ba su taɓa barin shi ba ko na kwana ɗaya. Masu lambu da ke wajejen Ƙofar Marusa da Ƙofar Durɓi da Ƙofar Sauri, da wannan ruwan suke noman latas da kabeji da alayyafo da albasa da muke saya a kasuwa, wasu gadon abin suka yi tun kakanni. Ga 'yan bulo, ga masu ɗibar yashi, ga masu wankin babur, ga mai shanu da ke biyowa da yamma, ga yaran jari bola. Waɗannan sun san rafin fiye da ni da na yi karatun shi, tsohon mai lambu zai nuna maka inda ruwa ya kai a shekarar da aka yi babbar cika, ya gaya maka wace gaɓa ce ke zabtarewa da wadda ba ta motsi, abin da in ni ne sai na ɗauko na'ura na yi sati ina awo. In kuka zo da riguna iri ɗaya da kyamara kuka wuce su ba ko sallama, kallon baƙi za su yi maku, wasu ma su ɗauka an turo ku ne a ƙwace masu wuri. Na taɓa ganin wani aiki a wani gari da ba zan kira suna ba, an kawo dashe sama da ɗari an jera a gaɓa ba a tambayi kowa ba, ashe kan hanyar da shanu ke bi su sha ruwa aka dasa, kafin wata biyu ko ɗaya bai rage ba, aka dawo ana zagin makiyaya, ni kuwa na ce laifin na wanda bai yi tambaya ba ne.

To ga yadda zan yi in ni ne ku. Ku manta da Ginzo gaba ɗayan shi, ya fi ƙarfinku. Ku zaɓi guntu ɗaya, mita 200 ko 300, wanda ke kusa da unguwar da mafi yawanku suka fito, inda in kun yi magana za a ce ai ɗan gidan wane ne. Ku fara zuwa wurin mai unguwa, shi zai kai ku gaba in abin na gaba ne, ku je wurin liman, ku zauna da masu lambun wurin a kan tabarmarsu ba ku kira su taro a wani ofis ba. Kar ku je da maganar "muhalli", kalmar nan ta gaji. Ku ce muna so mu yi wurin zama ne da filin yara a nan, me kuka gani.

Sannan ku yi abu mai arha wanda ido zai gani. Benci na bulo da siminti guda huɗu ko biyar, irin wanda ba a iya ɗauka a gudu da shi. Hanyar ƙafa da aka daddaɓe da jar ƙasa. Da rani inda yashi ya bushe kuma nesa da baƙin ruwan, ai fili ne kyauta, a share kwalabe da ƙarafa a kafa raga, ku sa gasar ƙwallo tsakanin layi da layi, a yi langa, in akwai masu sha'awa a yi kokawa, dattawa kuma ku yi masu gurbin dara a ƙarƙashin inuwa ku gani in ba su riga ku zuwa ba. Ku nemo mai shayi ɗaya da mai tsire ko mai awara ku ba su wuri kyauta da sharaɗi ɗaya, cewa tsabtar kewayensu a wuyansu take. Wallahi mai shayi guda ya fi maku allon gargaɗi ashirin, don shi yana nan tun asuba har dare, ya san yaron kowane gida, kuma in aka zubar da shara kusa da tebur ɗin shi cinikin shi ne zai mutu, ba sai kun roƙe shi ya yi magana ba.

Mata fa kar ku bar su a baya, don sharar nan daga hannunsu take fitowa, su ke ba yaro ko almajiri bokiti su ce je ka zubar, kuma ba mugunta ba ce, ba su da wani wurin ne. Nan ne gayya ke faɗuwa kullum: an hana mutum zubarwa a rafi ba a nuna mashi inda zai kai ba. Tun kafin ku kafa benci ku daidaita da mai baro ko mai kura da zai riƙa bi gida-gida a ɗan kuɗin da unguwa ta yarda da shi, ya kai inda motar hukumar tsabtace muhalli ta jiha ke ɗauka, ku je ofishinsu da takarda ku nemi a sa wurinku cikin zagayensu. Robobi da gwangwani ku bar ma 'yan jari bola, kuɗi ne a wurinsu. Ledar ruwa ce babbar annoba, ita ke toshe kwalbati, ita ke kashe awaki in sun haɗiya. Kuma ku ware yini ɗaya, ko yammacin wata rana a sati, ya zama na mata da ƙananan yara kawai, a yi shi da sanin malamai da mazajen unguwa, in ba haka ba wurin zai zama majalisar samari zalla, daga nan a fara cewa matattarar 'yan shaye-shaye ce, shi ke nan an kashe maku aiki da baki.

Maganar itace kuma, bedi kowa ya san shi, yana da saurin girma ga inuwa ga jure fari, ku sa shi a sama inda za a zauna. Amma a jikin gaɓar kanta abin da na fi yarda da shi jema ce, ciyawar nan da ake saƙa da ita. Saiwarta na nutsewa mita 2 zuwa 3 a ƙasa, tana riƙe gaɓa kamar an ɗinke. A dasa ta layi-layi a kwance bisa gangaren, tazarar kamar tafin hannu tsakanin tushe da tushe, a farkon damina da ƙasa ta jiƙa, in ta kama sai ta zama shinge mai tare ƙasa da leda. Can kusa da ruwa a gwada giyayya da ɓaure, sun saba da jiƙa. Kowane dashe a yi mashi keji na ƙaya saboda awaki, kuma a ba shi mai shi, a ce wannan na gidan wane ne, su za su ba shi ruwa rani biyu na farko. Gara ashirin da suka rayu da ɗari biyar na ɗaukar hoto.

Ban ce maku ku ƙirƙiro wani sabon abu ba fa, duk muna da shi a gida. Littattafan fiƙihu sun yi maganar harimin rijiya da na kogi, wato filin da ke kewaye da ruwa wanda ba a yarda wani ya mallake shi ya hana jama'a ba. Akwai hadisin da ya yi gargaɗi kan yin bahaya a mashayar ruwa da kan hanya da inuwar da mutane ke zama, da wanda ya hana fitsari a ruwan da ba ya gudu. Liman ya ɗauki wannan a huɗuba ɗaya ya fi ku yawo da lasifika wata guda. Ka duba Argungu kuma, bikin kamun kifin nan da ake yi tun 1934 wanda hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa a jerin al'adun duniya a 2016, mutane na kallon ranar bikin ne kawai, ba sa lura cewa akwai Sarkin Ruwa, kuma akwai dokar hana kamun kifi a kogin Matan Fada sai lokacin ya yi, wasan da tsaron tare suke tafiya, don ana jiran ranar ne ya sa ake kiyaye ruwan. Ko nan Daura, rijiyar Kusugu ai rijiya ce kamar kowace, labarin Bayajidda da girman da masarauta ta ba ta ne suka sa har yau ba mai jefa ko tsinke a ciki, baƙi na zuwa daga nesa su sha. Ku ma guntun naku ku raɗa mashi suna, ku roƙi mai unguwa ya naɗa wani dattijo cikin masu lambu a matsayin mai kula da wurin, ko da ba rawani, a dai san cewa in an yi ba daidai ba akwai wanda za a kai ma ƙara.

Yanzu bari in tsorata ka kaɗan, don in kun jawo yara bakin rafi alhakinsu na kanku. Rafin yashi mayaudari ne, sama na iya zama garau a inda kuke alhali an tafka ruwa a can sama, sai dai ku ji ƙugi kawai. Wanda ya ga abin da ya faru a Jibiya a watan Yulin 2018, ruwan dare ɗaya ya ci rayuka sama da 40 ya tafi da gidaje da dabbobi, ba zai yi wasa da wannan ba. Doka ta farko, daga saukar damina ba wasa a cikin kwarin, a cire raga a koma sama, kuma benci da rumfar mai shayi a kafa su sama da inda tsofaffi suka nuna maku ruwa ya taɓa kaiwa. Ramukan da masu yashi da 'yan bulo suka bari su ne ke cin yara in sun cika, ku san inda suke, ku cike na cikewa ku kewaye sauran. Sai tsargiya, fitsarin jinin nan da wasu ke ɗauka wai alamar balaga ce ga yaro namiji, cuta ce, tsutsarta na fitowa daga jikin ƙananan dodon koɗi da ke ruwan da ya kwanta ta huda fata ta shiga, maganinta praziquantel yana nan a asibiti kuma akan raba a makarantu, amma in yaro ya koma ruwan zai sake ɗauka. Ga amai da gudawa da muka sha fama da shi a 2021. Saboda haka a guntunku a zauna kusa da ruwa, a kalle shi, amma ba shiga, kuma ku ajiye bokiti mai famfo da sabulu kusa da masu abinci.

Masu lambu ma akwai abin da za ku kawo masu wanda zai sa su ga amfaninku. In aka haƙa ɗan rami a gefe ruwan ya kwana ɗaya ko biyu ya kwanta kafin a yi ban ruwa da shi, yawancin ƙwan tsutsar ciki na zama a ƙasa, in kuma aka tsaida ban ruwa 'yan kwanaki kafin a cire ganye ƙwayoyin cuta na raguwa sosai da zafin rana. Ba kuɗi a ciki, sai ƙarfi, ku kuma ƙarfi ne da ku. Ku leƙa Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko Kwalejin Hassan Usman, kowace shekara akwai ɗalibai masu neman abin da za su yi furojet a kai, su auna maku ruwan su zana maku taswirar wurin. 'Yan firamare kuma malaminsu ya kawo su sau ɗaya a zango da littafi su rubuta tsuntsayen da suka gani, balbela, zalɓe, ranar da shamuwa ta fara sauka. Da yawan yaran garin nan ba su san ruwan famfonsu daga dam ɗin Ajiwa yake zuwa ba, ba su taɓa ganin dam ɗin Zoɓe ba, in kun samu hali kuma hanya na da lafiya ku ɗauki mota ɗaya ku kai su su gani da idonsu.

Abu ɗaya da zai zo maku ba ku shirya ba shi ne nasara. Ranar da wurin ya yi kyau, ranar ce wani zai tuna cewa fili ne, a wayi gari an jibge bulo an ce an sayar, ko a fara jera shaguna har bakin gaɓa. Tun wurin yana bola, lokacin da ba mai kwaɗayin shi, ku nemi a rubuta a takarda cewa wannan guntun na jama'a ne, mai unguwa da hakimi su sa hannu, a kai kwafi hukumar tsara birni da ƙaramar hukuma, ku ma ku riƙe naku. Maganar tallafi kuma ku bari sai kun yi shekara kuna abin da aljihunku da karo-karon unguwa. Akwai shirin ACReSAL na Bankin Duniya da ke aiki a jihohin Arewa har da Katsina kan gyaran ƙasa da hanyoyin ruwa, irin waɗannan sun fi sauraren wanda ya zo da abin da ya riga ya fara, ga hoton da ga na yanzu, ga sunayen gidajen da ke ba itace ruwa. In kuɗi ya riga aiki shigowa ƙungiya, na sha gani, rigimar ma'aji ce ke biyowa.

Shebur ɗin ku ajiye shi tukuna. Asabar mai zuwa ku fita ku uku ko huɗu kawai, ba riga iri ɗaya ba kyamara, ku bi gaɓar da ƙafa bayan la'asar, ku ƙirga bututu nawa ke zuba a ciki, ku lura daga wane lungu yara ke fitowa da bokitin shara, ku tsaya wurin tsohon da kuka tarar yana ban ruwa ku gaishe shi ku tambaye shi yadda wurin yake lokacin yana yaro. Abin da ya gaya maku ka rubuto mani, daga nan sai mu san inda za a kafa bencin farko.